Koyon Sana'a: Rabon Baƙo da Rabon Ɗan Gari

Wannan shi ne jawabin da ma'aikacinmu mai kula da sashen koyon sana'a ya yi wa fastoci, da dattawa, da shugabannin zumuntar mata da na matasa, a taron da muka yi a Nassarawa, Kano. Mun buga shi domin a karanta a ikilisiyoyin da ba su sami aiko da wakili ba.

  Na san a cikinku akwai waɗanda suka baro gida tun gari bai waye ba, daga wajen Sumaila, da Rogo, da Tudun Wada, har da Doguwa, ga kuma yadda kuɗin mota ya koma. Allah ya saka muku da alheri.

Ɗazu a bakin ƙofa wani baba daga cikinku ya riƙe hannuna, ya ce, "Ɗana, waɗannan gidaje masu dogayen katangu da alluna a ƙofa, me ake yi a cikinsu?" Na ce, "Baba, yi haƙuri mu shiga, amsarka ita ce jawabina na yau."

Wannan unguwa ta Nassarawa, a nan Turawan mulki suka zauna, a nan kuma Gidan Gwamnati yake. Yanzu ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa da dama a nan suke kama ofis. A cikin irin waɗannan ɗakuna ne ake zama a tsara yadda za a koya wa matasa sana'a da kuɗin da ya fito daga Ingila, ko Jamus, ko Bankin Duniya. A zauna, a yi lissafi, a rubuta sunaye, a yi shekara uku ko biyar ana aiki, a yi bikin rufewa, a cire allon. Mu kuwa muna can ƙauye, sai an watse labari yake iso mana. Abin da ya dame ni ke nan, shi ya sa na roƙa a kira ku.

Bari in ba ku misali da abin da ya faru a garin nan.

A 2015 gwamnatin Birtaniya, ta hannun hukumarta ta raya ƙasashe da ake kira DFID, ta kawo wani shiri mai suna Mafita. Kun ji sunan ma na Hausa ne. Ya yi aiki a Kano, da Kaduna, da Katsina, da Jigawa. Wani kamfanin Ingila, Adam Smith International, shi aka danƙa wa aikin, yana yi tare da gwamnatocin jihohin. Abin da ya burge ni shi ne irin mutanen da aka ce a nemo. Ba a ce a kawo masu babbar takarda ba. Cewa aka yi a nemo almajirai, da 'yan matan da ba su yi nisa a boko ba, da marayu, da naƙasassu. Wato waɗanda duk layin da aka ja, su ne a ƙarshe.

Hanya biyu aka bi. Waɗansu yaran aka kai su wurin masu sana'a na cikin gari, mai walda, ko tela, ko kafinta, ko makaniki, su zauna a hannunsa su koya. Shi kansa maigidan ana ba shi horo, domin iya aiki daban, iya koyarwa daban. Waɗansu kuma aka kai su cibiyoyin koyon sana'a da aka gyara aka zuba wa kayan aiki. Aka kuma haɗa musu da karatu da lissafi. Kada ku raina wannan. Telan da bai iya karanta awo ba zai ɓata wa mutane yadi. Mai waldan da bai iya lissafin ƙarfe nawa ƙofa za ta ci ba, zai yi wata guda yana aiki ya tashi da bashi.

Masu bincike na Bankin Duniya sun bi sawun shirin. A zagayen da suka duba, ƙuri'a aka jefa tsakanin waɗanda suka cancanta, babu ɗan wane, babu ƙanin wance. Daga baya suka koma suka tarar waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa sun fi 'yan'uwansu samun abin yi da abin sawa a aljihu.

Shirin ya yi shekarunsa ya ƙare. Tun daga lokacin, duk ikilisiyar da na je nakan tambaya ko akwai yaron da ya shiga. Yawanci sai a dubi juna. Ba na ɗora wa masu shirin laifin kome. Mu ne ba mu ji ba. Waɗanda suka ji suka ce, "Ai na almajirai ne, ba namu ba ne," alhali maraya da gurgu babu garin da babu su. Waɗanda suka so shiga kuma ba su da takarda ko ɗaya a hannu, ba su da wurin kwana a birni.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ba zagi ba ne. DFID ɗin nan da na ambata, yau babu ita. A watan Satumba na 2020 aka haɗe ta da ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya. A da, cikin kowace fam dubu da ƙasar ta samu, fam 7 take warewa domin taimakon ƙasashe irin namu. A 2021 ta mai da shi fam 5. A Fabrairun 2025 ta sanar cewa daga 2027 fam 3 za ta riƙa warewa, ragowar ta ƙara wa tsaron ƙasarta. A Amurka kuwa, a Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da taimakon ƙasashen waje, a watan Yulin shekarar aka rufe hukumar USAID, wadda da yawanku kun san tambarinta a jikin buhu da kwalin magani.

Ban faɗi wannan don ku karai ba, ko don ku ji haushin wani. Mai bayarwa shi ma yana da tasa damuwar a gida. Kuɗin gwamnatocin nan harajin mutanensu ne. Wanda ikilisiyoyin waje ke aiko wa hukumarmu kuwa baiko ne, a ciki har da na tsohuwar da ta rage cefanenta. Akwai ma wanda ba kyauta ba ne sam. A 2020 Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya dala miliyan 200 domin shirin IDEAS, na gyaran kwalejojin fasaha da inganta koyo a hannun masu sana'a, Kano kuma tana cikin jihohi shida da aka fara da su. Rance ne. 'Ya'yanmu da jikokinmu za su biya, har da na ƙauye. Saboda haka, baba, in ka je tambayar yadda ɗanka zai shiga irin wannan shiri, ka cire hularka don ladabi, amma ka sani ba bara ka je ba.

To, in raɓa ta bushe, me ya rage? Mu waiwaya baya kaɗan, don wannan hulɗa da baƙi ba yau muka fara ta ba. A 1937 mishan ta SIM ta karɓi riƙon wuraren jinyar kutare a ƙasar Hausa: Yadakunya a nan Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Ba magani kaɗai aka bayar ba. Majinyata sun yi noma, an koya musu karatu, waɗansu sun koyi aikin jinya har suka zama ma'aikatan asibiti. Akwai iyalai a cikinmu da tushen karatunsu ke nan. A 1943 aka buɗe asibitin ido na mishan a Kano, wanda yau muke kira asibitin ido na ECWA, daga baya ƙungiyar CBM ta Jamus ta tallafa masa. A 1953 mishan ta SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri. Turawan da suka fara waɗannan ayyuka duk sun tafi. Amma har yau ana buɗe ido a Kano, kuma 'yan ƙasa ne ke riƙe da wuƙar. Abin da baƙo ya riƙe a hannunsa ya tafi da shi. Abin da ya sa a hannun ɗan gari, shi muke ci.

Yanzu bari in tona asirin kanmu, kada ku ce a kan waɗansu kawai na iya magana.

Shekarun baya mun sami taimako daga waje, muka tara mata a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, muka koya musu ɗinki na sati uku. Aka yi biki, aka ɗauki hoto, kowacce ta tafi gida da keke a ka. Muka rubuta rahoto mai daɗi muka aika. Bayan shekara na koma. Wani keken na same shi a ƙuryar ɗaki, an lulluɓe shi da zane an jera kwanuka a kai. Wani an sayar lokacin da yaro ya kwanta ciwo, ban kuwa ga laifin uwar ba. Wani ya tsaya saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai kuɗin kaza ba ya karye, babu mai gyara sai an zo birni. Masu ɗan taɓawa kuma suna zaune suna kallon juna, don ƙauyen bai bukaci teloli haka ba, ɗinkin ma sai Kirsimeti da Salla. Mace ɗaya na tarar tana ci da kekenta. Da na bincika, ashe bayan mun tafi ta koma wurin wata tsohuwar tela a garin da ke kusa, ta yi shekara guda tana yi mata guga da sa maɓalli, kafin a bar ta ta sa almakashi a yadin mutane.

Ranar nan na dawo jikina a sanyaye. Na ɗauko takardar sunayen na sake dubawa. Matar shugaba, ƙanwar ma'aji, 'yar magatakarda. Ba wanda ya yi sata, su ne dai suka fara ji. A ƙauyen nan kuwa akwai wata yarinya kurma, mai hannu kamar me, ita ke yi wa matan gari kitso. Ba wanda ya kawo sunanta. Da na tambaya aka ce mini, "Ai ba ta ji." Na ce, to, keken ɗinki da kunne ake taka shi?

Kun yi dariya, amma a nan nake so mu daɗe.

Kusan kowane ƙauye da kuka fito akwai yaron da shan inna ta taɓa, yana jan jiki a tsakar gida. Akwai makaho, akwai kurma, akwai wanda babur ya karya aka yanke ƙafar. Muna ƙaunarsu, ban musa ba. Muna ba su tuwo, muna yi musu addu'a. Amma in ana lissafin waɗanda za su koyi wani abu, sai mu tsallake su ba tare da mun lura ba. Waɗansu iyayen ma ɓoye su suke yi, don kunya. Ran da iyayen suka kwanta dama, sai a ɗora yaron a mota a kawo shi Kano, ya zauna a bakin danja yana miƙa hannu. An kawar da cutar shan inna ta asali daga Nijeriya, a watan Agusta na 2020 aka ba da shaidar haka. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu a shekarun da ya kamata a ce suna riƙe da gida.

Ku ji labarin mutum biyu, dukansu shan inna ta taɓa su tun suna yara.

Na farko Malam Aminu Ahmed Tudun Wada, a nan cikin birnin Kano. Bai zauna bara ba. Ya koyi aikin ƙarfe, shi da 'yan'uwansa guragu suka kafa wurin da suke ƙera keken guragu mai taya uku, irin wanda ake tuƙawa da hannu. Guragu ke yankan ƙarfen, guragu ke walda. Da aka zo yaƙi da shan inna, masu aikin rigakafi na gida da na waje shi suka nema, ya riƙa shiga unguwanni yana ce wa iyaye su dube shi su ba 'ya'yansu ɗigon.

Na biyu Ayuba Gufwan, mutumin Filato. Ciwon ya tsai da karatunsa shekaru, sai da ya sami keke ya koma makaranta, har ya karanta aikin lauya a Jami'ar Jos. A 1999 ya haɗu da wani fasto Ba'amurke, Dokta Ron Rice. Suka haɗa hannu: Ron Rice yana neman taimako a ikilisiyoyi da ƙungiyoyin Amurka, Ayuba yana riƙe da aikin a Jos, a cibiyar da ake kira Beautiful Gate. A nan gida ake ƙera kekunan, cikin masu ƙerawa akwai naƙasassu da masu koyo, kuma an raba dubbai kyauta, ga Kirista da Musulmi. A watan Agusta na 2024 Shugaba Tinubu ya naɗa Ayuba Gufwan shugabancin hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa.

Ku lura da yadda aka raba aikin nan. Baƙo ya kawo abin da babu a nan. Ɗan gari ya riƙe guduma. Da a ce kekunan daga Amurka ake auno su a kwantena, ran da jirgi ya daina zuwa magana ta ƙare, taya ɗaya ta lalace kuma sai a jingine. Amma keken da aka ƙera da ƙarfen kasuwarmu da tayar keke irin ta kowa, mai faci na bakin hanya ma zai gyara shi.

Doka ma tana bayansu. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. A cikinta an ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, a kuma gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai shiga. Sai dai doka ba ta zuwa ƙauye ta ɗauko yaro daga bayan ɗaki. A nan Kano akwai makarantar kurame da makafi a Tudun Maliki. Ita ma ba ta san da ɗanka ba sai ka kai shi. Ni kuma ina tambaya, da girmamawa: majami'unmu nawa ne mai keke zai shiga ba tare da an ɗaga shi kamar buhu ba? Buhun siminti biyu da yashi sun isa a yi gangare a bakin ƙofa.

Sai maganar tsawon koyo, inda muka faɗi a wancan ƙauye. A Jamus, ƙasar da ake yabo a kan wannan fanni, yaro yakan yi shekara biyu zuwa uku da rabi yana koyon sana'a ɗaya. Yawancin kwanakin mako yana wurin aiki a hannun gwani, kwana ɗaya ko biyu yana aji, ana kuma biyansa ɗan abin hannu. Ba sai mun je Jamus ba ma. Ku shiga Sabon Gari ku ga 'yan'uwanmu Ibo. Yaro ya yi shekaru yana yi wa maigida hidima a shago, ya san kaya, ya san masu saye, ya san inda ake saro, sannan maigida ya sallame shi da jari. Mu ma haka iyayenmu suka koyi ƙira, da jima, da dukanci, da rini irin na Ƙofar Mata. Ba wanda ya taɓa zama maƙeri a sati uku. Mu ne da muka ga kuɗin baƙo muka yi gaggawa, don a sami hoton da za a aika.

To, ga rabonmu, wanda babu Baturen da zai yi mana.

Kowace ikilisiya ta zauna ta rubuta sunayen matasan da ba sa makaranta kuma ba su da sana'a. A fara da naƙasassu, da marayu, da 'ya'yan gwauraye, da 'yan matan da aka cire daga makaranta, da matan da aure ya mutu suka dawo gida da goyo. Iyayena mata, wannan aikinku ne fiye da kowa, don ku ke shiga ɗakunan da fasto ba ya shiga. In maƙwabcinku ba ya zuwa sujada tare da mu, amma yana da irin wannan yaro, a rubuta shi. In gurbi ya zo bai isa ba, a jefa ƙuri'a a gaban jama'a. Iyayena fastoci, ku gafarce ni: in sunan ɗan fasto ya fito a farko ba ta ƙuri'a ba, ko ya cancanta, ba wanda zai ƙara yarda da takardar.

Sannan tun yanzu a nema wa yaran nan takardu: lambar ɗan ƙasa ta NIN, da takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da 'yan hotuna. Na san waɗansunku sun sha zirga-zirga a kan takardar shaidar asali. Shi ya sa nake cewa a fara da wuri. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Irin waɗannan shirye-shirye sukan buɗe ƙofa na 'yan makonni ne, yanzu kuma yawanci ta waya ake cika fom. Ko a 2025, da gwamnatin tarayya ta sanar da karatu kyauta a kwalejojin fasaha nata tare da ɗan alawus, masu takarda a hannu su suka riga kowa. Ku kuma yi hankali da 'yan damfara. In wani ya zo ya ce ku kawo kuɗi a sa sunan ɗanku a shirin Turawa, ku riƙe aljihunku, ku kira mu tukuna.

Wajen zaɓen sana'a, kada a tambayi yaro kaɗai, kada kuma a kwaikwayi ƙauyen da ke kusa. A je kasuwa a duba: wane abu ne in ya lalace sai an kai shi birni? Masu noman rani a wajen Kura da Bunkure da Kadawa sun san wahalar injin ban ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, manoma da yawa suna komawa ga sola, mai haɗa ta da gyara ta kuwa bai wadata a ƙauye ba. Ga famfon tuƙa-tuƙa da ke tsaye wata da watanni a garuruwanmu. Ga babur, ga waya, ga injin niƙa. Ga shi kansa keken ɗinki da ba shi da mai gyara. Yawancin waɗannan a zaune ake yinsu, gurgu ba ya bukatar ƙafa kafin ya buɗe waya. Kada kuma a ce 'ya mace sai ɗinki da sabulu. Na ga yarinya tana haɗa wayar sola, hannunta ya fi na maza tsabta.

Wajen neman maigida, a dubi gwaninta da hali. Da yawa daga gwanayen walda da kanikanci a garin nan maƙwabtanmu Musulmi ne, na kuma ga waɗanda suka riƙe yaranmu kamar 'ya'yan cikinsu. A zauna da shi a gaban dattijo ɗaya da mai unguwa, a rubuta: shekara nawa, me zai koya, wa zai ciyar, yaushe za a yaye shi. A faɗa masa tun farko cewa ran Lahadi yaro zai je sujada. A kuma sa wanda zai riƙa leƙawa, don akwai wuraren da yaro zai shekara ba abin da ya iya sai sayo wa oga abinci. In da hali, a nemi inda za a gwada yaron a ba shi takardar shaida. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, tana da tsarin da wanda ya koyi aiki a gareji ma za a iya gwada hannunsa a ba shi shaida.

Abin da ya fi kayar da yaranmu kuwa ba wuyar aiki ba ne. Ciki ne, da wurin kwana. Yaro ya zo birni da murna, wata biyu ya gudu gida don yunwa, a ce masa rago. A nan nake roƙon ikilisiyoyin birni, na Sabon Gari, da Badawa, da Birged: ku buɗe mana ɗaki. 'Ya mace kada a sauke ta ko'ina sai a hannun uwar zumunta da aka sani. Ku kuma na ƙauye, lokacin kaka kowane gida ya ba da kwano ɗaya na dawa ko masara da sunan masu koyo, a ajiye a rumbun ikilisiya, a riƙa aikawa gidan da suke. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na kuma lura, ikilisiyar da ta zuba hatsinta a kan yaro ba ta barinsa ya watsar.

Mu ma a hukuma mun sake yadda muke magana da abokanmu na waje. Da, in sun tambaye mu me muke so, mukan ce kekuna da kuɗin taro. Yanzu muna cewa: ku taimaka da kayan aiki a wurin maigidan da ya karɓi yaranmu, da horon shi maigidan, da keken gurgun da zai kai shi wurin aiki, da mai fassara da maganar hannu saboda kurame. Kayan sallama kuma sai ran yaye, ba ran farawa ba, mai karɓa ya riƙa mayar da wani abu kaɗan-kaɗan a asusu domin na bayansa. Mukan kuma gaya musu gaskiya in abu ya lalace. Na ji tsoron aika labarin kekunan nan, na ɗauka za su janye. Ba su janye ba. Tambaya suka yi ko yarinyar nan kurma tana nan.

Tana nan. Shekararta ta biyu ke nan a hannun tsohuwar telan nan, da hannu suke magana, kuma an ce ta fara yanka.

Akwai takarda a kan tebur a bakin ƙofa, kowace ikilisiya ta ɗauki ɗaya. A cika ta a gaban jama'a, fasto da shugabar zumuntar mata su sa hannu, a dawo mana da ita kafin ƙarshen wata mai zuwa. Wanda ya san gwani mai hali a garinsu ya rubuta sunansa a bayan takardar. In akwai tambaya zan tsaya bayan an ci abinci. Masu zuwa wajen Doguwa da Rogo a fara sallamarsu, don hanyarsu da nisa.